An ce ciki ne, ashe jakar ruwa ce a gidan ƙwai: don Allah ku ba ni shawara

Gwaggon Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon kada a tambaye ni suna ko unguwa. 'Yar yayana ce, shekararta 15, tana aji ɗaya a babbar sakandare. Tun bayan ƙaramar salla aka lura cikinta yana tasowa. Da farko an ce ƙiba ce, sai ga siket ɗin makaranta ya ƙi rufuwa, alhali wuyanta da hannayenta suna nan yadda suke. Abinci loma biyu uku ta ce ta ƙoshi, fitsari kuma ba ta daɗewa ba ta zagaya ba. Uwarta ta shigar da ita ɗaki ta tsare ta da tambaya, har da duka. Yarinya tana kuka tana rantsuwa ba ta san ɗa namiji ba, kuma al'adarta tana zuwa duk wata, amma babu wanda ya saurare ta. Da labari ya zo mini na je na ɗauko ta na kai ta asibiti. Aka yi gwajin ciki, babu. Aka yi sikanin, aka ce jaka ce cike da ruwa, santimita 19, ta taso daga gidan ƙwai na dama har ta wuce cibiya. Likita ya rubuta gwajin jini ya ce aiki za a yi. Yanzu Yaya ya kafe ya ce ba za a yanka masa 'ya ba, wai mahaifarta za a cire, wa zai auri yarinyar da aka farke wa ciki. Kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Wanda ya san abin nan ya taimaka mini da abin da zan gaya masa.

Maman Ihsan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi dukan nan ya fi ciwon taɓa mini zuciya. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya mata.

Hajiya Babba:
Allah ya sawwaƙe. Amma ni dai ina bayan yayanki. Yarinya ƙarama ba a yi mata gaggawar wuƙa. A fara gwada na gida tukuna, habbatus sauda da man zaitun da zuma, a haɗa da tofi. Na san wata da aka ce tana da irin wannan, ta sha magani wata biyu, da aka sake hoto babu komai.

Sista Mai Aikin Dare:
Hajiya ranki ya daɗe, ba na musa labarinki, ni ma na sha ganin wadda ta ɓace. Amma ki tambaya ki ji santimita nawa ce ta waccan matar. Na tabbata ba ta kai rabin wannan ba. Bari mu jira Dakta ta shigo, za ta fi ni bayani.

Likitar Mata:
Wa alaikumus salam. Gwaggo sannu da ƙoƙari. Ban ga yarinyar ba, ban ga hoton ba, don haka likitan da ya duba ta shi ke da magana ta ƙarshe. Amma ga yadda abin yake.

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu, a gefen mahaifa, kowanne girmansa kamar ɗan dabino. Duk wata ƙwai yana girma a cikin 'yar ƙaramar jakar ruwa, idan ya nuna sai jakar ta fashe ya fito. Wani watan ba ta fashewa, ko ta fashe ta sake rufewa ta tara ruwa ko jini. Irin wannan ce aka fi gani a 'yan mata. Yawanci ba ta wuce santimita 5 ko 6, kuma da kanta take bajewa cikin wata biyu zuwa uku. Shi ya sa muke cewa a koma gida, a dawo bayan sati 6 zuwa 8 a sake hoto. Hajiya, na fi zaton irinta ce ta matar da kika sani. Da ta sha magani da ba ta sha ba, tafiya za ta yi.

Santimita 19 kuwa wani zance ne. Jakar da ta kai haka ba ta ƙwan wata-wata ba ce, ƙari ne da ke girma da kansa. Akwai wadda bangonta ke tsatso ruwa kullum, wata ruwa garau, wata mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma tana iya cika ciki gaba ɗaya har numfashi ya yi wuya. Akwai wadda muke kira damoyid, ita ce ƙarin gidan ƙwai da aka fi samu a waɗannan shekarun. Idan aka buɗe ta sai a ga maiƙo da gashi, wani lokaci har haƙori ko guntun ƙashi. Na sha ganin dangi sun ja da baya sun ce jifa ne. Ba jifa ba ne. Ƙwayar halittar da ke cikin gidan ƙwai tana da ikon zama fata ko gashi ko ƙashi, ita ce ta rikice ta girma ba bisa tsari ba. Akwai kuma wadda ba ma a gidan ƙwan take ba, a gefen bututun ƙwai take tsirowa, sai an shiga aiki ake ganewa.

Duk waɗannan babu abin sha da ke narkar da su, na gida ko na asibiti. Saurin ƙoshin da take yi da yawan fitsarin, jakar ce ta danne tumbi da mafitsara.

Hajiya Babba:
To Dakta, in dai ba ta jin ciwo, me zai hana a bar ta har ta ƙara girma ta yi aure? Ai wasu haihuwa ke wanke musu ciki.

Likitar Mata:
Hajiya, haihuwa ba ta fitar da shi, domin ba a cikin mahaifa yake ba. Jira kuma yana da haɗari. Gidan ƙwai a rataye yake da jijiyoyin da ke kai masa jini. Idan jaka ta yi masa nauyi, tun daga santimita 5 zuwa sama, yana iya juyawa ya murɗe jijiyar kamar an murɗa tiyo, jini ya daina shiga. In aka daɗe a haka gidan ƙwan mutuwa yake. Jaka babba tana iya danne hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ƙodar ta kumbura a hankali ba tare da an sani ba. Tana iya fashewa. Sannan kaɗan daga cikinsu na daji ne. Mafi yawa ba na daji ba ne, kada hankalin Gwaggo ya tashi, amma ba a tabbatarwa sai an cire an auna.

'Yar Maraɗi:
Maganar murɗewar nan a kaina ta faru, ina da shekara 16. Ina shara da safe na duƙa, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a mara ta dama. Amai kuwa har na rasa abin amayarwa. A gida aka ce ciwon mara ne na 'yan mata, aka ba ni jiƙo, aka gasa mini da ruwan zafi. Ciwon ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo, kwana biyu. Da aka kai ni likita aka ce afendis ne, sai da suka buɗe suka tarar gidan ƙwan ya murɗe ya riga ya lalace, dole aka cire shi. Mahaifiyata ta yi kuka kamar na mutu, ta ce shi ke nan ba ni ba haihuwa. Gwaggo, ki gaya wa yayanki: da gidan ƙwai ɗaya na hagu na haifi 'ya'ya huɗu, babbar tana shirin shiga jami'a. Amma da an kai ni ranar farko, wataƙila da duka biyun suna nan. Kada ku jira abin da ya same ni.

Gwaggon Yara:
Allahu akbar. 'Yar uwa, wannan saƙon naki zan karanta masa kalma bayan kalma. Na gode.

Sista Mai Aikin Dare:
Gwaggo ki riƙe wannan kafin ranar aiki: in ta ji ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a gefe guda, da amai, ko jiri, ko zazzaɓi, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi sashen gaggawa. Kada a tsaya kemis, kada a ba ta abinci ko ruwa a hanya domin wataƙila a shiga da ita tiyata. Ki tafi da takardar sikanin ɗin a hannu. Kuma ta daina tsalle-tsalle da ɗaukar bokitin ruwa.

Likitar Mata:
Haka ne Sista. In ƙara da cewa yanzu ko an buɗe an ga gidan ƙwan ya yi baƙi, a yarinya ƙarama warware shi ake yi a bar shi, saboda da yawa suna farfaɗowa. A da cirewa ake yi kai tsaye. Kuma hoto yana iya nuna jini na gudana alhali murɗewar na nan, don haka idan alamomin sun yi ƙarfi ba ma dogara da hoto kaɗai.

Baban Sadik:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo maganar mata. Ni uba ne, na fahimci tsoron mutumin nan. Tambayata: tunda ruwa ne, ba za a iya sa allura a zuƙe shi ba, a huta da yanka? Na ga an yi wa wani dattijo haka, an cire masa ruwa a ciki.

Likitar Mata:
Malam, tambayarka ta yi kyau, kuma iyaye da yawa suna yin ta. Na dattijon nan ruwa ne da ke kwance a cikin ciki, ba jaka gare shi ba, galibi daga ciwon hanta ko zuciya. Wannan kuwa bangon jakar ne ke samar da ruwan. Ka zuƙe yau, ya sake taruwa. Na biyu, idan akwai ƙwayar cutar daji a ciki, huda jakar na iya watsa ta cikin ciki, abin da da an cire shi ɗungurungum an gama ya koma babban aiki. Idan damoyid ce, maiƙon da ya zube yana sa kumburi mai tsanani. Na uku, ruwa kaɗai ba ya gaya mana irin ƙarin, sai an auna bangon. A cikin tiyata mukan rage ruwan, amma da tsari, an killace wurin yadda ba zai zube ba, sannan a ciro jakar. Duk wanda ya ce zai zuƙe a ɗakin duba marasa lafiya ya sallame ku, kada ku yarda.

Ummu Abdallah:
Ni abin da ya tsaya mini a rai biyu ne. Na farko, yarinya ta rantse, an kai ta asibiti, can ma abin da aka fara yi gwajin ciki. Wato su ma ba su yarda da ita ba ke nan. Wannan ƙarin cin fuska ne. Na biyu, iyaye mu ji tsoron Allah. Suratun Nur ta yi bayani ƙarara, wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba bulala tamanin ce a kansa. Ba a ce ban da 'yar da ka haifa ba.

Sista Mai Aikin Dare:
Malama, maganarki ta biyu babu ja. Ta farkon ce nake so ki sake dubawa. Gwajin nan ba tuhuma ba ce. Duk macen da ta fara al'ada, in ta zo da kumburi ko ciwon mara, ana yi mata, ko 'yar wane ce. Cikin da ya zauna a bututun ƙwai, in ya fashe, yana iya kashewa cikin sa'o'i, ba za mu yi ganganci da rai don kunya ba. Kuma ki duba, a wannan labarin gwajin ne ya wanke ta. Rantsuwarta ba ta hana duka ba, takardar ce ta rufe bakin kowa.

Ummu Abdallah:
Na ji, Sista. Amma a riƙa gaya wa yarinyar dalili kafin a miƙa mata kwalbar fitsari. Wasunku a gaban jama'a suke tambaya da ƙarfi, "yaushe rabonki da namiji?"

Sista Mai Aikin Dare:
Wannan gaskiya ne, ana yi, kuma kuskure ne. Ya kamata a keɓe da ita, ba a gaban layi ba, ba ma a gaban uwarta ba. Na karɓi wannan gyaran.

Likitar Mata:
Akwai wani abu da ya kamata iyaye su sani a kan gwajin nan. Sinadarin da yake nunawa, hCG, akwai wani nau'in ƙarin gidan ƙwai, ba kasafai ake samunsa ba, da ke samar da shi. Wato yarinyar da ba ta taɓa sanin namiji ba gwaji na iya nuna tana da ciki, alhali ƙari ne. Shi ya sa tsinken gwaji na kemis bai isa a yanke wa yarinya hukunci ba, sai an haɗa da hoto.

Maman Ihsan:
Subhanallah. Yara nawa aka kora daga gida a kan haka?

Uwar Biyar:
Ku yi mini afuwa, amma kada a mai da uwar nan dodo. Duk wadda ke da budurwa a ɗaki ta san faɗuwar gaban da ake yi. Ta ga ciki ya fito, maƙwabta sun fara ƙus-ƙus, me kuke so ta yi tunani? Ta yi kuskure, amma tsoro ne ya sa ta.

Maman Ihsan:
Tsoron bakin mutane ne, ba tsoron halin da yarinyar ke ciki ba. Ko da cikin ne ma, duka zai mai da shi? Kuɗin mota zuwa asibiti nawa ne?

Uwar Biyar:
Ban ce ta yi daidai ba. Na ce a ja ta a jiki, domin ita za ta yi jinya, kuma ita kaɗai za ta iya juya ra'ayin mijinta.

Gwaggon Yara:
Ku duka kuna da gaskiya. Tun ranar da sakamako ya fito matar Yaya ba ta iya haɗa ido da ni, ta rame. Ba na son in ƙara mata. Dakta, ga abin da ke jikin takardar gwajin jinin: AFP, LDH, hCG, CA-125. Kuɗinsu da yawa. Dole ne duka? Kuma wani ya ce a yi hoton MRI.

Likitar Mata:
Ukun farko su ne masu muhimmanci a shekarunta. Cutar dajin gidan ƙwai da ke kama 'yan mata ba irin ta manyan mata ba ce, yawanci daga ƙwayar halittar ƙwai take tasowa, kuma waɗannan ukun su ne alamunta a jini. In sun fito daidai, hoto kuma ya nuna ruwa zalla, bango siriri, babu tsoka a ciki, hankali ya kwanta sosai, sai a shirya aikin ɓare jakar a bar gidan ƙwan. In sun hau, tsarin aikin ne zai canja, a sa likitan da ya ƙware a cutar daji a ciki. Ko a hakan ma, a yarinya, ɓangaren da ya kamu ake cirewa a bar mahaifa da ɗaya gidan ƙwan, kuma irin wannan cutar tana jin magani sosai.

CA-125 ya fi amfani a manyan mata. Yana hawa a lokacin al'ada, yana hawa in akwai kumburi, yana hawa sosai a tibin ciki, wato cutar tarin fuka idan ta kama ciki, wanda muke gani a nan ƙasar. Tibin ciki ma kansa yana tara ruwa ya yi kama da ƙari, har a tsorata iyali da maganar daji alhali maganin watanni ne zai warkar. Ki tambayi likitanku ko za a iya barin gwajin CA-125 ɗin. MRI kuma ana yinsa ne in sikanin bai fayyace daga ina jakar ta taso ba, ko an ga tsoka a ciki. Jaka in ta yi girma sosai takan ɓoye asalinta, wata daga hanji take, wata ma ƙoda ce ta kumbura. In mai hoton gwani ne kuma ya ga komai sarai, ba lallai ba ne.

Ga abin da nake so ki tambaya a gaban Yaya, da bakin likitan ya ji amsa: jakar kaɗai za a cire ko har da gidan ƙwan? Wa zai yi aikin, likitan mata ne? Za a kai abin da aka cire ɗakin gwaji? Mahaifa kuwa babu ruwanta a wannan aikin.

Anti Mai Ɗinki:
Tambayar nan ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau. Ƙanwata an yi mata a wani ƙaramin asibitin kuɗi tana da shekara 17. Ba a yi mana bayanin komai ba, aka fito mana da abu a roba aka nuna mana, aka ce mu je mu binne. Muka binne. Bayan shekaru ta sami wata jakar a ɗaya gefen, sabon likita ya tambayi sakamakon gwajin na farko, babu. A nan ne ma muka san gaba ɗaya gidan ƙwan aka cire. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na sa hannu a takardar.

Likitar Mata:
Allah ya ba ku haƙuri, Anti. Ba laifinki ba ne, ba a ba ki bayanin da za ki yi zaɓi ba. Ko jaka ta kai girman kankana, naman gidan ƙwan yana nan a shimfiɗe a bayanta kamar fatar albasa. Ana ɓare jakar a bar shi, cikin watanni ya tattare ya koma kamanninsa ya ci gaba da aiki. Dalilin da ya sa muke dagewa a bar shi kuwa shi ne abin da ya sami ƙanwarki: damoyid takan fito a gefe biyu a wajen mace ɗaya cikin goma, kuma yarinya 'yar 15 tana da shekaru masu yawa a gaba. Akwai lokacin da dole a cire, amma a gaya wa iyaye dalili.

Gwaggo, in kuna da hali ku nufi inda ke da sashen mata da ɗakin gwajin nama a wuri guda. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duk suna da su. In kuɗi ya yi wuya ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya a cikin asibitin, kuma ki duba ko Yaya yana da inshorar lafiya ta wurin aiki.

'Yar Maraɗi:
Mu a nan, in abin ya fi ƙarfin asibitin jiha, Yamai ake turawa, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi.

Baban Sadik:
Dakta, bari in faɗi abin da uban ba zai iya furtawa a gaban ƙanwarsa ba. Budurcinta fa? Kuma tabon?

Likitar Mata:
Na gode da ka faɗa, Malam. Hoton budurwa ta saman ciki ake yi, ta sha ruwa mafitsara ta cika, ba a sa mata na'ura ta gaba. Aikin ma ta ciki ne. Robar fitsarin da ake sawa ta hanyar fitsari take bi, wata ƙofa ce daban. Tabo kuma ya danganta. Inda ke da kayan aikin kyamara, ƙananan huji uku ko huɗu ne. In jakar ta yi girma ko ana shakkar irinta, a buɗe, ko a kwance a ƙasan mara ko a tsaye. Likitan zai zaɓi wanda zai fitar da ita ba tare da ta fashe ba, wannan ya fi ƙanƙantar tabo muhimmanci. Ku adana takardar sallama da sakamakon gwaji, ko don ranar da wani zai ga tabon ya yi wani zato.

Maman Husna:
Don Allah ku ba ni dama, karatun nan ya tayar mini da hankali. Tawa shekararta 14 da rabi, ƙirji ya cika tun shekara uku da suka wuce, amma ba ta taɓa ganin jini ba. Duk wata sai ta yi kwana uku tana murƙususu da ciwon mara, yanzu marar ta yi tauri ta ɗan taso, jiya da kyar ta yi fitsari. Kakarta ta ce a kira wanzami, wai angurya ce ta toshe.

Sista Mai Aikin Dare:
Maman Husna, don girman Allah kada aska ta taɓa yarinyar nan. Ki kai ta asibiti yau.

Likitar Mata:
Yau ɗin nan, 'yar uwa. Abin da kika kwatanta ya yi kama da yarinyar da aka haifa tantanin budurcinta a rufe ruf. Tana yin al'ada duk wata, jinin ne ba ya samun hanya, sai ya taru ya zama ƙullutu a mara har ya danne hanyar fitsari. A hoto wani lokaci ana ɗaukarsa jakar gidan ƙwai in ba a yi tambaya da kyau ba. In shi ne, ƙaramin aiki ne a tiyata, a buɗe tantanin, tsohon jinin ya fita. Amma wata toshewar tana can sama, ba a bakin ba, kuma mai aska ba ya ganin inda mafitsara da dubura suke. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke kai mata cibiyoyin yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina. Ki gaya wa kaka ta yi gaskiya cewa akwai toshewa, wurin buɗewar ne ba gida ba. Kuma duk yarinyar da ta kai 15, ko ta shekara uku da fara ƙirgen dangi ba ta ga al'ada ba, a duba ta.

Maman Husna:
Na gode. Babanta na dawowa daga kasuwa za mu tafi.

Hajiya Babba:
To, na ji bayani. Mu a zamaninmu ba mu san wannan ba. Gwaggo, a yi aikin, amma kada a bar addu'a. In yayanki yana jin maganar tsofaffi, ki sami babba a dangi ya raka ku wurin likitan.

Gwaggon Yara:
Salamu alaikum 'yan uwa, na dawo bayan sati biyar. Shawarar Hajiya na bi, na je na ɗauko Kawunmu, muka tafi da Yaya gaban likita. Ya yi tambayoyin nan uku da bakinsa, likitan ya zana masa a takarda, ya sa hannu. Gwajin jini duk ya fito daidai. An yi aikin, an buɗe ta ƙasan mara, ruwan da aka cire ya fi lita uku, an ɓare jakar an bar mata gidan ƙwanta. Kwana huɗu muka yi aka sallame mu. Jiya na karɓo sakamakon gwajin nama, ba na daji ba ne, irin mai ruwa garau ɗin nan ce da Dakta ta faɗa. An ce mu koma bayan wata uku a sake hoto. Alhamdulillahi.

Tana wurina har yanzu. Uwarta ta kwana da ita a asibiti duk kwanakin, ta roƙe ta gafara a gabana, yarinyar ta ce ta yafe, amma da aka zo tafiya ta riƙe mayafina ta ce gidana za ta. Ban matsa mata ba, Yaya ma bai ce komai ba. Dakta, yaushe za ta koma makaranta? Kuma Maman Husna, ya jikin taki?

Maman Husna:
Alhamdulillahi Gwaggo, tantanin ne. A daren aka sa mata robar fitsari, washegari aka yi aikin. Wannan watan ta ga al'adarta ba tare da murƙususun nan ba.

Likitar Mata:
Masha Allah, na yi farin ciki da ku duka biyun. Gwaggo, in tana tafiya ba ciwo kuma ɗinkin ya bushe, za ta iya komawa aji, amma ki fara jin ta bakin likitan da ya yi aikin. Ɗaukar kaya mai nauyi, daka da wasan guje-guje a bari sai an cika sati shida. Ki rubuta wa shugabar makaranta a ɗauke mata shara da ɗiban ruwa zuwa lokacin.